Kaset ɗin da Ba a Tsayarwa

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, yaran da suka zo taya matata Hajiya Rabi sauke kujerun walima suka leƙo garejina, suka same ni zaune, abin sauraro a kunne, kaset na juyawa. Ɗayansu ya ce, rabi Hausa rabi Turanci yadda kuka saba, "Baba Idi, wai wannan shi ne aikin? Ka danna maɓalli ka zauna? Ni ma a ɗauke ni mana." Sauran suka kwashe da dariya, ni ma na taya su. To amma maganar ta zauna mini, shi ya sa na ce bari in rubuta muku yadda aikin yake, tunda in na fara da baki ba kwa tsayawa ku ji ƙarshe.

Sana'ata ita ce kwashe murya daga tsofaffin kaset in zuba ta a kwamfuta. Da yawanku ba ku taɓa riƙe kaset ba. 'Yar akwatin roba ce kamar tafin hannu, a cikinta akwai zare mai faɗi, siriri, ruwan ƙasa, an naɗe shi a 'yan ƙafafu biyu. Muryar tana jikin wata ƙura da aka shafa wa zaren. In ƙurar nan ta goge, muryar ta tafi ke nan, babu inda za ka je ka sake sauke ta.

Kaset na farko da aka bari na taɓa na wani direban tifa ne a Funtuwa. Rediyon motarsa ya tauna zaren, ya kawo shi a dunƙule kamar taliya. A lokacin ina yaron shago a rumfar Malam Sule mai rediyo, bakin tasha, bayan na ajiye firamare. Malam Sule bai yi mini wani bayani ba, ya dai miƙo mini biro da reza da kwalbar jan farce. Biro na naɗe zare, reza na yanke inda ya lalace, jan farce kuma shi ne gam ɗinmu. Sai ka miƙar da zaren a jikin kwalba har ya daina tattarewa, ka yanke shi a karkace, ka ɗiga jan farcen da bakin tsinke, ɗan kaɗan, don in ya yi yawa zai manne da na ƙasansa. Na gama, na sa, ya yi waƙarsa lafiya. Malam Sule yana can ya juya mini baya yana gyaran wata rediyo, bai ko waiwayo ba ya ce, "Na ji mahaɗin. Sake."

Haka na yi ta sakewa har direban ya gaji ya tafi cin abinci.

Mutumin nan kunne yake koyarwa, ba hannu ba. Muna da injinan kwafi jere a kan benci, kullum suna juyawa, wa'azi da waƙa da tafsirin azumi. Sai ya sa ni in rufe ido in gaya masa wanne ne bel ɗinsa ya saki. In bel ya saki, muryar malami takan yi nauyi kamar bai gama farkawa ba. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin noti a gefen kan da ke karanta zaren. Kowane kaset da irin zaman da yake so, don kowanne da injin da aka ɗauke shi da shi. Sai ka sa sukundireba kana juya notin a hankali kana saurare, har ka ji "sa" da "sha" sun rabu, muryar ta fito daga cikin bargo. Wannan ba ya cikin littafi, ba kuma kwamfutar da ke yi maka shi. Har yau kowane kaset da ya shigo garejin nan sai na juya masa notinsa.

Ba waƙa kaɗai muke yi ba. A zamanin, wanda ɗansa ke Legas ko Makka, kaset yake aika masa. Tsofaffi mata su zo rumfa, a sa musu makirfo, su yi ta gaisuwa, ina wane, ina wance, ya jikin jaririn, sai kaset ya kusa rabi kafin a zo kan maganar da ta kawo su. A nan na fara gane cewa mutum in zai faɗi abin da ke cikinsa, sai zamansa ya canja tukuna. Zai gyara zama, ya matso, muryar ta sauka.

Zuwana Greensboro ta jihar Carolina ban zo da niyyar kaset ba, wa ke maganar kaset a Amurka? A kamfanin katifa na fara, ina ɗinke baki. Wata rana bayan Juma'a wani ɗan Damagaram, Elhaji Musa, ya ji ana cewa na taɓa aikin rediyo. Ya biyo ni har mota da leda cike da kaset. Ya ce da ɗan Faransancinsu na Nijar, "Bon, Malam Idi, muryar tsohuwata ce, Allah ya jiƙanta. Na sa ɗaya a mota ya cinye. Ban ƙara taɓa sauran ba." Asabar na zagayowa na bi unguwanni inda Turawa ke fito da tsofaffin kaya bakin ƙofa suna sayarwa, na samo inji a wani gida a Sedgefield, mai shi har yana mamakin akwai mai so. Na canja bel, na wanke kan da sifirit. Wani ɗan Gana da muke aiki tare ya nuna mini yadda ake haɗa waya da kwamfuta. Elhaji Musa ya zauna a kan bokitin fenti a garejin nan ya ji tsohuwarsa tana yi masa faɗa a kan bai aiko da hoto ba. Daga shi labari ya bazu.

Kayan aikina ba su da yawa, amma kowanne da ranarsa. Injina uku, don akwai kaset ɗin da wannan zai ƙi, wancan ya karɓa. Tsinken goge kunne da sifirit. Sukundireba ƙanana irin na masu agogo. Kwali guda na gidajen kaset marasa zare, masu noti, don in gidan kaset ya lanƙwashe sai in fasa shi in kwashe zaren in sa masa sabon gida. Jan farce kam na daina, akwai salatif na musamman. Sai na'urar tsotse danshi da ke kunne dare da rana, don bazarar Carolina ba ta da tausayi, abu kaɗan sai funfuna. Hajiya takan ce na fi kula da iskar gareji a kan ta falo. Da gaskiyarta.

Masu kawo aiki kuwa, iri-iri. Namu su kawo saƙonnin gida da karatun sauka. Baƙaƙen nan su kawo waƙoƙin coci na kakanninsu. Wani mai dawaki daga Summerfield ya kawo kaset, ya ce babansa ne ke koya masa yadda ake duba haƙoran doki. Muka saurara tare, ashe rabinsa babansa zagin wani maƙwabci yake yi a kan shinge. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce kar in cire ko kalma.

Shekarar da ta ba ni wuya ita ce shekarar da wasu 'yan injina na roba suka cika kasuwa, irin waɗanda ake oda ta waya, a ce kowa ya kwashe kaset ɗinsa da kansa. Aiki ya tsaya cak. Ni da ba na son fita, sai ga ni ina tuƙa motar kai kaya, ina ɓata a hanyoyin da ko sunansu ban iya faɗa ba, waya tana ta yi mini tsawa in juya. Injina na rufe su da zani. Sai da shekara ta kusa zagayowa suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da kaset ɗinsa a tauna, ko kuma an kwashe amma muryar tana rawa kamar mai zazzaɓi. Wasu na ceto. Wasu kuwa sai haƙuri na ba su, don zaren ya riga ya koma fari.

To, bari in ba ku labarin aiki ɗaya, wanda a kansa na fi son ku tsaya.

Wata safiya cikin kaka mata biyu farare suka tsaya a ƙofar gareji. Ɗaya dattijuwa ce mai jiki, Madam Barbara, daga Pleasant Garden, ta yi ritaya daga tuƙin motar 'yan makaranta. Ɗayar siririya ce mai furfura kaɗan da jakar goyo, Turancinta da ji ka san ba na nan ba ne. Ta ce sunanta Dakta Halina, malamar tarihi ce daga ƙasar Poland. Hajiya tana jin sunan ta mayar da shi Halima, ita kuma ta amsa, shi ke nan ya zauna.

Ni dai ba na iya ganin baƙo ban yi tambaya ba. Ana kawo shayi na ce, "Dakta, tarihin ƙasarku, me ya kawo shi Carolina?"

Ta ce ai tarihinsu ba ya zaune a gida. Akwai lokacin da maƙwabta suka raba ƙasar a tsakaninsu, aka daɗe babu ita a taswira, kowa ya kwashe takardun yankin da ya mulka ya kai babban birninsa. Yaƙi ya zo ya ƙone wasu. Saura kuma mutane suka gudu da su a akwati zuwa ko'ina a duniya. Don haka a wurinsu, in ji ta, malamin tarihi kafin ya sayi littafi sai ya yi fasfo. Ta je Landan, ta je Berlin, ta je har Nairobi, tana zama a ɗakunan ajiyar takardu tana jira a fito mata da kwali.

Hajiya ta ce, "Ashe ba mu kaɗai ba ne. Ƙanena da ya yi karatu a kan tarihin Katsina, sai da ya je Ingila."

Na ce, "'Yan Nijar kuma Faransa."

Dakta ta buɗe jaka tana neman wani abu, sai ga wata igiya fara mai ƙulli-ƙulli ta faɗo. Hajiya ta ɗauka da sauri da hannu biyu, ta ɗauka carbi ne. Ashe dalma ce a ciki, ana ɗora ta a kan tsohuwar takarda don ta kwanta a ɗauki hoto ba tare da an danne ta da yatsa ba. Ba ta kuma riƙe biro, sai fensir, don a irin wuraren nan ba a barin tawada ta kusanci takarda. Na ce a raina, ashe kowace sana'a da nata jan farcen.

Abin da take bi shi ya fi ba ni mamaki. Ta ce a lokacin babban yaƙin duniya an kwashi mutanensu, har da yara, an kai su can cikin ƙasar sanyi ta Rasha. Daga baya aka saki wasu, suka gangaro ta Iran, aka zuba su a jirgin ruwa aka kawo su gabashin Afirka, aka yi musu sansani.

Na ce, "Afirka tamu? Turawa 'yan gudun hijira?"

Ta ce ƙwarai. Ta daɗe tana bin sawun marayun wani sansani guda. A takardun Turawan mulki ta samu lissafin barguna da buhunan gari, amma ba ta samu bakin yaran ba. Abin da ya fi ɓace mata shi ne tafiyar kanta, yadda yaro ya fito daga ƙasar sanyi har ya kai bakin jirgi, don waɗanda suka yi ta ba su cika son faɗa ba, yanzu kuma kusan duk sun mutu. Mahaifiyar Madam Barbara tana cikin marayun nan. Daga Afirka ta je Ingila, daga can ta zo nan Greensboro ta yi aikin masaƙa har ta tsufa. Kafin ta rasu ta zauna ita kaɗai ta cika kaset guda da yarensu.

Na tambayi Madam Barbara me ke ciki. Ta ce ba ta sani ba. Uwar takan yi mata magana da yaren, ita kuma ta amsa da Turanci, har yaren ya zame mata. Kun ji, ba ku kuka fara ba.

Sharaɗinta biyu. Kaset ɗin ba zai bar garin nan ba, kuma ba za a kai kwafinsa Poland ba sai ta san abin da uwarta ta ce. Dakta kuwa jirginta ƙarshen mako, ba ta kuma da tabbacin za ta sake samun zuwa.

Na karɓi kaset ɗin na ɗaga shi a haske. Irin mai dogon zango ne, wanda don a cusa zare da yawa ake yin sa siriri kamar ɓawon albasa. Ya daɗe a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, funfuna ta yi masa fari-fari, da na taɓa gefen zaren sai ƙurar ta biyo yatsana. Na gaya musu gaskiya. Na ce zan busar da shi, in share shi da hannu, in canja masa gida. Amma sau ɗaya zai bi ta kan inji, don yana wucewa yana zubar da ƙurarsa. Kuma in ya fara tafiya ba a tsayar da shi, saboda fizgar tsayawa da ta tashi ita ke tsinke irin wannan zaren ko ta miƙar da shi. Sai dai a bari ya kai ƙarshe, inda akwai farar leda mai ƙarfi, sannan a juya.

Madam Barbara ta ce, "To, in sau ɗaya ne, ina wurin."

Dakta ta ce ita za ta riƙa fassara mata yana tafiya. Na ce babu laifi, muryar ta waya take bi zuwa kwamfuta, surutun ɗaki ba ya shiga.

Sauran kwanakin na yi su ne a kan zaren nan. Na sa shi a akwati mai busasshiyar iska. Na zauna ina juya shi da biro a hankali yana bi ta cikin ƙyalle mai laushi, in na ji ya ɗan riƙe sai in dakata in lallaɓa shi da bakin tsinke. Ɗan soson da ke tallafe zaren ya ruɓe, na sa sabo. Hajiya ta leƙo ta ce ko jaririnmu na fari ban riƙe shi haka ba.

Ranar da aka sa, bayan azahar, suka zo. Hajiya ta kawo shayi da cincin ta koma ciki. Na ba su kujeru, na wanke kan injin, na yi bisimilla, na danna.

Da farko sai ƙugin firji da cokali yana kaɗa kofi. A kicin ta ɗauka. Sannan murya ta fito, ta tsohuwa, mai ɗan kaushi, mai sauri. Na juya notina har ta washe. Madam Barbara ta sa hannu ta rufe baki. Dakta ta matsa kusa da ita tana fassarawa ƙasa-ƙasa, fensir na gudu.

Gefen farko duk Afirka ne. Yadda suka fara ganin mangwaro suka ci har da ɓawo. Yadda jiga ta shiga ƙafafunsu, wata mata 'yar ƙasar ta riƙa cire musu da ƙaya tana yi musu dariya. Ɗakunan ciyawa masu zagaye, da birin da ya sace mata takalmi. Madam Barbara ta ce, "Mamata? Hawan bishiya? Matar da ba ta bari in hau kujera?" Ni kuma a cikin yaren da ban san kansa ba sai na ji "habari", na ji "sabuni". Na ce, "A'a, wannan ai na kusa da gida ne, labari da sabulu!" Dakta ta yi murmushi ta ce Swahili ne, yaran sun kwaso shi a can.

Gefen ya ƙare lafiya. Na wanke kan, auduga ta fito ja. Na juya.

An ɗan yi tafiya a gefe na biyu, sai na ji cokali ya tsaya. Kujera ta yi ƙara, tsohuwar ta matso kusa da makirfo, muryar ta sauka. Ta faɗi wata magana gajera. Fensirin Dakta ya tsaya. Ta ɗaga hannu ta ce, "Malam Idi, tsayar."

Na ce, "Ba ya tsayuwa, Dakta."

Ta dubi injin, ta dube ni, sai ta miƙe tsaye, littafinta ya faɗi. Ta ce wa Madam Barbara da sauri, tana ɗaga murya don ta danne ta kaset ɗin, "Mamarki ta ce daga nan na Basha ne ita kaɗai. Ba na fadan coci ba, ba na masu rubuta littafi ba. Za ta faɗi yadda suka fito daga ƙasar sanyi, da wanda suka bari a can." Basha shi ne sunan da uwar ke kiran Barbara da shi. Dakta ta toshe kunnuwanta da hannu biyu, ta ture ƙofa da kafaɗa, ta fita.

Madam Barbara ta bi ta da kira, "Amma ni ba na ji! Halina! Ba na jin abin da take cewa!"

Ƙofa ta riga ta rufe. Na ce ko in kashe lasifika in saurara ta kunne ni kaɗai, Dakta ta dawo ta zauna? Madam Barbara ta girgiza kai. Ta ce, "Bar shi. Da ni take magana."

Haka muka zauna, mu biyu da ba ma jin ko kalma, wadda ke ji kuma tana waje. Ta tagar gareji ina hango ta can bakin titi wajen akwatin wasiƙu. Ba a jima ba Hajiya ta fito mata da kujera. Daga baya Hajiya ta gaya mini wai Dakta ce ta roƙe ta ta yi ta magana da ƙarfi, kome ma, don ƙofar garejin ba ta da kauri, muryar tana fitowa. Hajiya da ba a roƙonta magana! Ta ce ta koya mata yadda ake daddawa a ƙasar nan ba tare da maƙwabta sun kira hukuma ba, tun daga jiƙo har shanya.

A ciki tsohuwar tana ta magana. Ba ta yi kuka ba. Takan yi shiru mai tsawo har in duba ko zaren ya tsinke, sai ta kurɓi wani abu ta ci gaba. Akwai suna ɗaya da ta yi ta maimaitawa, ban da Basha. Madam Barbara ta dube ni kamar ni zan gaya mata ko wane ne, na kawar da kai na dubi injina. Aikina ke nan a lokacin, kuma da abin dubawa. Ƙura tana taruwa a kan, muryar tana ƙara dushewa kamar ana magana ta bayan filo. Ba halin wankewa. Zaren ya fara wani ɗan kuka siriri, irin wanda in ka ji ka san ya kusa. Na ɗora yatsa a gefen injin ina jin bugunsa. Tsohuwar ta yi maganarta ta ƙarshe, aka ji ta miƙa hannu, maɓallin rikodarta ya yi ƙas. Bayansa kaɗan namu ma ya kai ƙarshe ya tsaya da kansa.

Na fito da kaset ɗin. Zaren wajen ƙarshe ya zama garau, kana ganin haske ta cikinsa. Na duba kwamfuta, komai ya shiga.

Madam Barbara ta je ta kira Dakta. Tana shigowa ta ce mata, "Zauna ki saurara ki gaya mini. Na yarda. Ai abin da kika zo nema ke nan."

Dakta ta ce, "Shi ne kuwa." Ta tsugunna ta ɗauki littafinta a ƙasa ta kaɗe. "Amma ba ki san abin da kike ba ni ba. Ni kuma in na ji, ba zan iya mayar da shi ban ji ba, zai shiga duk abin da zan rubuta. Ki nemi wani mai jin yaren wanda ba ya rubuta littafi, ya gaya miki. In kin ji, kika ga za ki bayar, naki ne, kin san inda nake."

"In kuma ban kira ba fa?"

"To, ba ki kira ba."

Ni dai bakina bai iya shiru. Na ce, "Dakta, ni ba na ji, ita ba ta ji. Da kin ci gaba da fassara wa zai sani?"

Ta ce, "Ai da ta hana, ni ta gaya wa, Malam Idi. A ɗakin nan ni kaɗai na ji ta."

Sai aka zo yanka. Madam Barbara za ta tafi da cikakke, Dakta kuma da na Afirka kaɗai. Na buɗe muryar a kwamfuta, na nemo daidai inda cokali ya tsaya, na sa alama kafin kujera ta yi ƙara. Haka aka koya mini, ka yanke inda mai sauraro ba zai san an yanke ba. Dakta tana tsaye a bayana ta ce, "A'a, ba nan ba. Matsa gaba. Bar maganar da ta hana a ciki."

Na ce, "Ai sai kowa ya gane akwai saura."

Ta ce, "Abin da nake so ke nan. Wanda zai zo ya saurara bayan ba mu, ya san akwai saura, ya kuma san ba ɓata ya yi ba, mai shi ce ta hana. In ba haka ba zai rubuta cewa ba ta taɓa faɗa ba."

Ta tambayi Madam Barbara ko ta yarda da hakan, ta ce ta yarda. Na matsar da alamar. Bayan maganar akwai numfashi, dogo, irin wanda mutum ke ja in zai ɗauki kaya mai nauyi. Na tambaya ko in cire shi, su biyun suka ce in bari.

Madam Barbara ta sa nata a jaka tare da mataccen kaset ɗin, ta tuƙa ta koma Pleasant Garden. Ko ta samu mai fassara mata, ko ta kira, ban ji ba, ban kuma tambaya ba. Dakta ta sa abin sauraro ta ji ƙarshen nata sau ɗaya, ta gyaɗa kai, ta rubuta wani abu da fensir. Yadda ya tafi Poland ke nan. Tsohuwa ta ce daga nan na Basha ne, ta ja numfashi za ta fara, sai shiru.